Iska Ta Zama Haja: Abin da Ya Shafi Makiyayi da Ɗan Kasuwar Iyaka

Jama'a masu sauraronmu na tsallaken nan da na tsallaken can, barkanmu da war haka. Iyayenmu ardo-ardo da ke ruga, samarin da ke bayan shanu da rediyo rataye a kafaɗa, alhazai da hajiyoyin kasuwannin iyaka tun daga Illela da Konni, Jibiya da Ɗan Isa, har Maigatari, muna gaishe ku. Ya gida, ya dabbobi, ya kasuwa?

Zancenmu na yau a kan iska ne, wannan dai iskar da ke kaɗa mana zana da hunturu. A 'yan shekarun nan manyan kamfanonin duniya sun ɗauri aniyar rage amfani da wutar da ake samu daga gawayin ƙasa da gas da man dizal, suna komawa ga wutar lantarki, ko kuran kamar yadda 'yan uwanmu na Nijar ke cewa, wadda ake samu daga iska. Wani zai ce, to ina ruwan mai kiwo da wannan? Da ruwansa ƙwarai. Injinan iska ba a kafa su a tsakiyar birni. Fili suke so mai faɗi, buɗaɗɗe, wanda ba gine-gine, ba dogayen itatuwa, inda iska ke bugawa dare da rana. Kowa ya san su wa ke zaune a irin wannan wuri. Saboda haka yau za mu duba abin da ya tura kamfanonin nan, da abin da ya faru da makiyaya a ƙasashen da abin ya riga ya sauka, sannan mu dawo gida.

Mu fara da dalili. Duk lokacin da aka ƙona gawayi ko gas ko fetur, akwai wani hayaƙi da ido ba ya gani da ake kira kabon. Yana hawa sama ya taru, ya riƙe zafin rana kamar bargo. Taruwarsa ce ke ƙara ɗumamar duniya, ita kuma ɗumamar ke rikita damina da rani. A shekarar 2015 ƙasashen duniya suka haɗu a birnin Paris na Faransa suka amince kowa ya rage nasa hayaƙin. Daga nan matsin ya gangaro kan kamfanoni. Bankuna suna tambaya kafin su ba da bashi, masu hannun jari suna tambaya, masu sayen kaya a Turai suna tambaya.

Akwai kuma wani abu da ɗan kasuwar iyaka zai fi kowa ganewa, wato kuɗin fito. Tarayyar Turai ta kafa wani tsari a kan iyakarta: duk mai shigar da siminti, ƙarfe, alminiyom ko takin zamani, sai ya bayyana yawan kabon da aka fitar wajen ƙera kayan. An fara karɓar bayanan tun watan Oktoba na 2023, aka kuma tsara cewa kuɗin zai fara hawa kan kaya daga 2026. Kun ga ke nan hayaƙi ya zama kamar kayan da kwastan ko duwan ke aunawa a bakin shinge. Wanda masana'antarsa ta fi hayaƙi, shi zai fi biya. Dalili na uku shi ne araha. Kuɗin samar da wuta daga iska ya faɗi da fiye da rabi tun daga 2010, kuma iska ba ta da farashin da ke tashi yau ya sauka gobe kamar dizal. To idan abu ya haɗa suna mai kyau da riba, ai ba sai an roƙi ɗan kasuwa ba.

Yaya injin yake aiki? Dogon turken ƙarfe ne, a samansa farfela mai fukafuki uku. Iska ta bugi fukafukan su juya, juyawar ta motsa janareta, wuta ta bi waya ta tafi. Ba mai, ba hayaƙi. Amma ga wani sirri da ya kamata a riƙe: idan ƙarfin iska ya ninka biyu, ƙarfin da ke cikinta ninkawa yake yi sau takwas. Shi ya sa kamfani ba ya kafa inji ko'ina, sai ya nemi tudu ko mashigin da iska ta fi ƙarfi, kuma in ya samu ba ya son saki. Sannan ba a jera injinan kusa da juna, domin na gaba zai tare wa na baya iska. Dole a bar tazara mai yawa a tsakaninsu. Ga dalilin da ya sa tashar iska ke cin fili mai yawa a takarda, alhali gindin kowane turke ɗan wuri kaɗan yake ci.

Kamfanonin kuma hanya biyu suke bi. Wasu suna gina tasu tashar kusa da masana'anta. Misali a Maroko, kamfanin siminti na Lafarge ya kafa injinan iska 12 a masana'antarsa ta Tetuwan tun a 2005, daga baya ya ƙara. Wasu kuwa, kuma su suka fi yawa, ba sa gina komai. Yarjejeniya suke ƙullawa da mai tashar, su ce duk wutar da ka samar na shekara goma ko ashirin, mu za mu saya a kan farashi kaza. Kamar dai Alhajin da ya zo ruga tun raguna suna ƙanana ya ce duk na layya nasa ne, aka yanke kuɗi. Da wannan takarda mai tashar zai je banki ya ciyo bashin gini. Wato kamfanin da ke can wata ƙasa, wanda bai taɓa taka dajin ba, sa hannunsa ne ke sa a kafa turaku a makiyayar wasu.

A nan sai mu faɗi gaskiya a kan rage hayaƙin. Yana raguwa, babu shakka, a ɓangaren wutar lantarki. Sai dai ba shi ke nan ba. Siminti kaɗai yana da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na kabon da duniya ke fitarwa, kuma fiye da rabin wannan daga gasa dutsen farar ƙasa yake fitowa, abin da iska ba ta da maganinsa. Don haka idan kun ji kamfani na tallar cewa ya koma iska, ku sani mataki ɗaya ya ɗauka, da sauran tafiya.

Yanzu mu leƙa Kenya, domin a can ne abin ya faɗa wa makiyaya irin namu. A arewacin ƙasar, a gundumar Marsabit, kusa da tafkin Turkana, akwai wani mashigi tsakanin duwatsu da iska ke ratsawa da ƙarfi kusan duk shekara. Yanki ne busasshe, na masu raƙuma da awaki da shanu: Rendille, Samburu, Turkana da El Molo. A nan aka kafa injina 365 na kamfanin Vestas na ƙasar Denmak, masu ba da megawat 310. Shugaba Uhuru Kenyatta ne ya buɗe tashar a watan Yuli na 2019, kuma a lokacin babu kamarta a duk Afirka. Har kamfanin Google ya sanar a 2015 cewa zai sayi kashi 12.5 cikin 100 na hannun jarinta, amma daga baya cinikin ya watse, bayan jinkirin da aka samu wajen ja wayar da za ta ɗauki wutar zuwa kudu, tafiyar fiye da kilomita 400. An gama kafa injina a 2017, waya ba ta iso ba sai a 2018.

Alheri ya zo, kada mu ɓoye. An gyara hanya mai tsawon kilomita 208 daga Laisamis zuwa wurin aikin, domin manyan motoci su iya kawo kaya daga tashar jiragen ruwa ta Mombasa. Hanyar da aka yi don fukafukan inji, ita ce yau mai kifi da mai dabbobi ke bi zuwa kasuwa. Kamfanin bai kewaye filin da waya ba, kuma bisa faɗinsa, abin da turaku da gine-gine suka ci bai kai eka 100 ba.

To ina matsalar? Matsalar tana cikin takarda. Filin da aka ba kamfanin haya eka 150,000 ne, wato hekta dubu 60 da ɗoriya, alhali tashar kanta a cikin eka 40,000 take. Wannan ƙasa ta al'umma ce, hukumar gunduma ke riƙe da ita amana a madadin mazauna. A 2014 wasu daga cikin mazaunan suka kai ƙara, suka ce an ba da makiyayarsu ba tare da an bi matakan da doka ta tanada na jin ta bakinsu ba. Shari'a ta yi shekara bakwai. A watan Oktoba na 2021 kotun muhalli da filaye da ke Meru ta yanke cewa ba a bi ƙa'ida ba wajen ba da takardun filin, ta ba hukumomi wata 12 su gyara. Ku lura da wannan, jama'a: lokacin da hukuncin ya fito, injinan sun riga sun yi shekara uku suna juyawa. Makiyayan sun yi nasara a kotu, amma bayan an gama gini. Ba a kuma tsaya nan ba, domin zuwan aiki da kuɗi ya ta da tsohuwar gardama tsakanin ƙabilun yankin a kan wane ne ainihin mai wurin, wa za a ɗauka aiki, wa za a biya.

Kada a ce wannan halin Afirka ne kawai. Mu tsallaka Norwe, can arewacin Turai, ƙasar da ake yabo da bin doka. Akwai wata al'umma da ake kira Sami, makiyaya ne gaba da baya, dabbarsu wata irin barewa ce ta ƙasar ƙanƙara mai ƙaho reshe-reshe. Su ma suna da wurin rani da wurin hunturu, kamar yadda namu ke hawa arewa da damina su gangaro da kaka. A yankin Fosen aka kafa manyan tashoshin iska, kuma kamfanin alminiyom na Norsk Hydro ya ƙulla yarjejeniyar shekara 20 ta sayen wuta daga can. Biyu daga cikin tashoshin, Storheia da Roan, masu injina 151, sun faɗa a kan makiyayar hunturu ta Sami. Makiyayan suka ce dabbobinsu na gudun wurin. A watan Oktoba na 2021, wata ɗaya da hukuncin Kenya, kotun ƙolin Norwe ta ce lasisin tashoshin biyu ba shi da inganci, domin ya tauye haƙƙin Sami na ci gaba da al'adarsu ta kiwo.

Kun san me ya biyo baya? Injinan suka ci gaba da juyawa. Sai da aka yi kwana 500 da hukuncin, matasan Sami suka je Oslo, babban birnin ƙasar, a watan Fabrairu na 2023 suka zauna a ƙofar ma'aikatun gwamnati, sannan gwamnati ta nemi afuwa. A ƙarshen 2023 da farkon 2024 aka sasanta: injinan za su zauna, za a riƙa biyan makiyayan kuɗi duk shekara, za a nema musu ƙarin makiyayar hunturu, kuma idan wa'adin lasisin ya ƙare ba za a sabunta ba sai da yardarsu. Sharuɗɗa ne masu kyau. Amma da tun farko aka zauna da su, da an huta da shekarun shari'a.

Darasin ƙasashen nan biyu ɗaya ne. Turken da aka kafa da wuya a tumɓuke shi, ko da kotu ta ba ka gaskiya. Ƙarfin makiyayi yana nan ne kafin a sa hannu. Hausawa suka ce tun ran gini, ran zane.

To mu dawo gida. Shin abin ya iso mu? Ya fara leƙowa. A jihar Katsina, a Lambar Rimi, akwai injina 37 na kamfanin Vergnet na Faransa, waɗanda aka tsara su ba da megawat 10. Duk mai bin hanyar ya gan su. Aikin ya ɗauki fiye da shekara goma, kuma cikin abubuwan da suka tsayar da shi har da sace wani injiniya Bafaranshe a Rimi a watan Disamba na 2012. A Senegal, tashar Taiba Ndiaye mai injina 46 da megawat 158 ta fara aiki, an buɗe ta a 2020. A Nijar kuwa, a watan Maris na 2022 gwamnati ta sa hannu da kamfanin Savannah Energy na Ingila a kan shirin tashar iska ta Tarka a jihar Tawa, wadda aka ce za ta iya kai megawat 250 da injina har 60. Yarjejeniya mataki ne na farko, gini kuma wani abu ne daban. Amma buƙatar a fili take. Nijar ta daɗe tana samun mafi yawan wutarta daga Najeriya, kuma duk wanda ke Maraɗi ko Konni ya tuna duhun da aka shiga lokacin da aka yanke layin a watan Agusta na 2023. Ƙasar da ta ɗanɗana wannan za ta nemi wutar kanta. Kamfanonin siminti da na haƙar ma'adinai da na sadarwa da ke kashe kuɗi a kan dizal su ma suna neman mafita. Iskar Sahel kuwa ba ta ɓuya.

Saboda haka, iyayenmu makiyaya, ga abin da za a sa wa ido. Alamar farko ba inji ba ce. Wani siririn dogon ƙarfe ne da ake ɗaurewa da wayoyi ta kowane gefe, da 'yan kofuna a jikinsa suna juyawa. Ma'aunin iska ke nan. Yakan yi shekara ɗaya ko fiye yana ɗaukar lissafi kafin banki ya yarda ya ba da kuɗi. Ranar da kuka ga an kafa irinsa a inda kuke kiwo, ranar ce ta zuwa wurin mai gari da hakimi da hukuma a yi tambaya. A wannan lokacin kamfani na buƙatar zaman lafiya da ku fiye da yadda kuke buƙatarsa, domin bankunan da ke ba da irin wannan bashi ba sa son aikin da ke da rigimar fili.

Idan aka kira taro, a je, kuma a je da tambayoyi. A tambayi hekta nawa ke cikin takarda, ba hekta nawa turaku za su ci ba, domin mun ga bambancin a Kenya. A tambayi shekara nawa ne wa'adin, kuma wa ke da ikon sabuntawa. A nemi a rubuta, baƙi a kan fari, cewa ba za a kewaye filin ba, burtali zai zauna a buɗe, rijiya da tafki da mashaya ba za a taɓa su ba. A tambayi inda za a bi da dabbobi a shekarun gini, domin lokacin ne ake haƙa ramuka, manyan motoci na kai da kawo, kuma ana jan ruwa mai yawa don kwaɓa kankare. A tambayi daga wace rijiya za a ja ruwan. A nemi kuɗin shekara-shekara maimakon dunƙule ɗaya da za a cinye a manta, a kuma san asusun da zai shiga da waɗanda za su sa ido a kai. Sannan a tambayi wa zai kwashe ƙarafan idan injinan suka tsufa, tunda rayuwarsu shekara 20 zuwa 25 ce.

Akwai wata tambaya da ta fi shafar mu mutanen iyaka. Taron jin ra'ayi yawanci da mazauna ake yi. Makiyayin da ke zuwa wurin wata uku a shekara, ya tsallako daga ɗaya ƙasar, shi ne wanda ake mantawa. Idan aka yi taron da rani alhali shi da damina yake zuwa, za a rubuta cewa fili ne da ba kowa. Don haka ardo-ardo da shugabannin ƙungiyoyin makiyaya na ɓangarorin biyu su riƙa sanar da juna. Waya tana hannun kowa yanzu.

Doka ma tana da abin da za a kama. A Nijar, dokar kiwo ta 2010 ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi, kuma akwai kwamitocin kula da filaye, waɗanda aka fi sani da Kofo, tun daga matakin gari har sama. A je a tabbatar an rubuta burtali da makiyaya da rijiyoyi a wurinsu. A Najeriya, dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna a matsayin amana, akwai dokar makiyaya ta 1965 ta tsohuwar Jihar Arewa, akwai kuma dokar 1992 da ta wajabta binciken illar babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. Makiyayar da ke da takarda da turakun iyaka ta fi wadda aka sani da baki kawai ƙarfi a gaban alƙali.

Shin shanu za su iya kiwo a ƙarƙashin injinan? A ƙasashe da yawa suna yi. A Teksas ta Amurka shanu na kiwo har gindin turke, a Birtaniya tumaki haka. Barewar Sami ce ta ƙi, domin dabba ce mai tsoro. Abin da ya fi cutar da mai shanu shi ne shinge, da mai gadi da ke kora, da takardar da ba sunansa a ciki.

Ku kuma 'yan kasuwa, ga naku. Inda aka yi irin wannan aiki hanya takan gyaru, kuma ɗaruruwan ma'aikata na buƙatar abinci, nama, ruwa, ɗakin kwana da sufuri. Ciniki ne, a ci shi. Amma a sani na ɗan lokaci ne, shekara biyu ko uku. Da an gama gini, mutanen da ke kula da tashar ba su da yawa. Kada a ci bashi a gina rumfuna da ɗakuna kamar kasuwar za ta dawwama. Abin da ke dawwama shi ne hanya, da wuta idan an nema. Domin wutar irin wannan tasha tana hawa babban layi ne ta wuce birni ko masana'anta, garin da ke gindinta yana iya zama cikin duhu. Sai an sa a cikin yarjejeniya cewa za a sauke layi a garin, sannan mai ƙanƙara da mai niƙa da mai walda da mai sayar da nono za su amfana. Kuma ku da kuke da bakin magana a fada da ofisoshi, ku taya 'yan uwanku na ruga magana. Idan burtali ya toshe, kara ce ke fara yin shiru ranar kasuwa.

Jama'a, mu da muke bakin Sahara mun fi kowa sanin zafin canjin yanayi, kuma ba mu ne muka cika sama da hayaƙi ba. Idan kamfanonin da suka fi fitar da shi suka koma iska, alheri ne, muna maraba. Abin da muke cewa shi ne kada a share hayaƙin wani da makiyayar wani. A zo da sallama, a zauna da masu wuri, a rubuta abin da aka yarda a kai, a ba kowa kofinsa.

Wanda ya ga an kafa ma'aunin iska a yankinsu, ko aka kira su taro a kan fili, ya aiko mana da saƙo, za mu karanta a shiri na gaba, mu kuma nemi masana doka su amsa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare dabbobi, ya sa albarka a kasuwa. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. Wassalamu alaikum.